Ɗakin Bakin Gota

Tunkiya biyu na sayar, da 'yan kunnen azurfa da na gada wurin innata, shi ne kuɗin motarmu zuwa Ankara. Ankara ta Gana nake nufi, wadda ku kuke karya harshe kuna ce wa Akra. Na cusa kuɗin a lalita na ɗaure a ƙugu, ko tsugunno zan yi a hanya hannuna ɗaya yana kai. Uwarku Rabi lokacin tana 'yar shekara takwas, kawunku Umaru yana bi mata, kullum majina a hanci. Ke Zainabu, ajiye wayar nan, labarin uwarki nake ba ki.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, ɗan ci-rani ne na asali. Da an gama girbi sai ya bi motar albasa daga Illela, ya zauna yana sayarwa a Kasuwar Malam Atta, kafin ruwan shuka ya sauka kuma ya dawo gona. Da gonar ta ƙi shekara bayan shekara, sai ya bar wa ƙanensa ita, ya ce mu tattara gaba ɗaya. Ya ce ya gaji da dangwala yatsa a takarda ana yi masa dariya, 'ya'yansa sai sun yi boko. Muka tashi a watan Yuli don mu samo makaranta kafin sabuwar shekarar karatu.

Mun sauka a unguwar Nima wurin wani ɗan garinmu, muna cunkushe kamar kifin gwangwani. Hausar mutanen wurin ta fara ba ni dariya kafin ta ba ni haushi. Mace ce ke, namiji ne kai, duk “kai” ne, yarinya “ya zo”, kaza “ya yi ƙwai”. Makarantar boko kuma sukuu suke ce mata, suna zumɓura baki.

Kakanku yana kasuwa wuni, neman makaranta ya faɗo kaina, ni da ban san ko alif na boko ba. Sai na yi dabara. Na riƙa soya ƙosai ina ɗauka a faranti, yau in zauna ƙofar wannan makaranta, jibi ƙofar waccan, ina ciniki ina baza ido. Wata na ga malamai suna aiken yara ɗebo wa matansu ruwa da rana tsaka. Wata na hango malamin ta taga yana sharar barci. Akwai wata mai kyau a Mamobi, an shafe ta da fenti, yara da safa fara tas, amma da na ji kuɗinta sai na haɗiye yawu na ɗauki farantina.

Can bayanta akwai wata tsohuwa ta gwamnati, kwanonta duk tsatsa. Shugabarta wata gajeriyar mata ce, Madam suke ce mata, ba ta rabo da bulala. Ana kaɗa ƙararrawa take datse ƙofa da kwaɗo. Ni kaina ta kore ni daga bakin ƙofar kamar akuya, ta ce ina hana yara karatu da ƙamshi. Na tsane ta ranar. Amma na koma gefe na kasa kunne, tun shiga har tashi muryar yara nake ji suna maimaita karatu. Na ce wa kakanku nan za a kai su.

Saura ɗaki. Na kusa da makarantar ba su taɓuwa, ga kuma wata masifa da suke kira adabansi, wato ka biya hayar shekara biyu kafin ka shimfiɗa tabarma. Muna cikin yawo aka nuna mana gidan wani tsoho, Baba Seidu, a ɓangaren Nima, dab da gota. Kada ku ɗauka irin kwatar ƙofar gidan nan ce. Wani kwari ne da ya raba Nima da Mamobi, zurfinsa ya shanye namiji a tsaye, an gitta katakai a kai ana tsallakawa. Daga ƙofar ɗakin kana hango kwanon makarantar Madam. Kuɗin kuwa rabin na tsallake ne.

Na leƙa ƙasan kwarin, ɗan baƙin ruwa ne yake tsiyaya cikin shara.

Na ce, “Baba, ruwan nan ba ya tasowa?”

Ya ce, “Amariya, kai duba da idonka mana. Ko kaza koraa yana tsallakawa. Ɗaki ya yi kyau paa, sabon fenti ne.”

Kakanku ya ja ni gefe ya ce, “Dije, wane wata muke ciki?”

Na ce, “Agusta.”

Ya ce, “To tsakiyar damina ke nan. Yanzu a gida ko ƙoramar bayan gari ba ta ƙetaruwa. In a Agusta wannan ne iyakar ruwansa, me kike tsoro?”

Na ga gaskiyarsa. Muka zazzage duk abin da muke da shi muka ba tsohon. Ashe a ƙasar nan Agusta hutun ruwa ne. Babbar daminarsu Mayu da Yuni ce, daidai lokacin da kakanku yake gida yana shuka duk shekara. Shekarunsa a garin bai taɓa ganinta ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Alamu kam na gan su, ban dai gane ba. Kowane ɗaki a gidan an ɗora gado a kan bulo. Ƙusoshin rataya kaya suna can kusa da rufi. Fentin ɗakinmu kuma daga ƙasa zuwa ƙirji kawai aka yi shi. Sai da aka yi wani ɗan ruwa a Oktoba, na ga gota ta kawo har rabi tana gudu da guga da mushen kare, na tsaya ina kallo. Maƙwabciyata Maame Fati, 'yar ƙabilar Kotokoli, mai sayar da waace, wato shinkafa da wake irin tasu, ta same ni a tsaye.

Ta ce, “Wannan kai ke tsoro? Wannan ƙaramin ne. Jira Yuni.”

Ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta, ta nuna mini inda ruwa ya tsaya bara a jikin bango. Ya kai mini wuya.

Muka koma wa Baba Seidu. Kakanku ya ce a ba mu ko rabin kuɗinmu ne mu tashi.

Ya ce, “Aboki, kuɗi ya zama bulo, ga shi can ina gini.”

Na ce, “Baba, ka ji tsoron Allah, na fa tambaye ka.”

Ya ce, “Ni na ce kai duba da idonka. Ni na yi ƙarya?”

Ban taɓa zagin mai furfura ba, amma ranar sai da kakanku ya toshe mini baki.

Daga nan zama ya ƙare mini. Rani ne, rana na dukan kwano, amma ni kullum idona yana sama. Kakanku ya ce in damina ta zo a cire yaran daga makaranta har ta wuce. Na ce to me ya kawo mu ke nan? Rabi ta fara karanta rubutun jikin motoci, tana tsayar da ni a hanya tana haɗa baƙi. Ba zan iya cire ta ba, ba zan kuma iya kallon ƙafarta a kan katakon nan ba. Muka shirya a kan duk ranar da hadari ya haɗo in zagaya da su ta gadar babban titi, ko da yake nan ma 'yan torotoro ne, wato direbobin motocin haya, suke tuƙi kamar an koro su.

Akwai kuma wata doka da na kafa musu tun farko. An cika ni da labarin masu satar yara, sai na ce ana tashi su kamo hanyar gida, kada su tsaya ko wa ya kira su, wanda ya tsaya jikinsa zai gaya masa. Rabi kuwa, kun san uwarku, in aka ce mata bi nan ko wuta ce sai ta bi.

Makarantun gwamnati lokacin shifti ake yi, wasu yara safe wasu yamma, ana juyawa. Makon da abin ya faru suna yamma. Sun tafi da rana garau, ko ɗigon gajimare babu, na tsallakar da su katako da kaina na wuce kasuwa taya kakanku. Bayan la'asar sai na ga masu tumatir suna tattara kaya da sauri. Na ɗaga kai, gabas ta yi baƙi ƙirin. Ban yi wa kowa sallama ba na zura da gudu.

Kafin in kai Nima ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Lungunan duk sun zama rafi, takalmina ɗaya ya tafi ban waiwaye shi ba. Da na iso bakin gota, babu gota. Jan ruwa ne shimfiɗe yana ruri, ya shanye bakin kwarin ya shiga gidaje. Katakon da muke bi ƙarshensa ɗaya ya saki, yana lilo. Ɗakinmu kuwa ruwa na shiga ta ƙofa yana fita da tukwanena, ko a jikina.

Lokacin tashin 'yan yamma ya yi. Abin da yake kaina ɗaya ne, Rabi ta riƙo hannun Umaru ta zo ta hau katakon nan don kada in dake ta. Ina kiran sunanta, ni kaina ba na jin muryata. Can na hangi wani abu ruwan ƙasa-ƙasa yana juyawa cikin ruwan, kalar kayan makarantarsu. Na durƙushe a wurin ina ihu. Wani mutum ya ɗago ni yana cewa buhu ne, buhu ne kawai. Har yau ban san ko wane ne ba.

Maame Fati tana gefena tana kiran nata ɗan, Isifu, shi ke nan gare ta. Shi a makarantar nan mai fenti yake, da kuɗin waace take biya, har ina yi mata sha'awa. Ta ce ita za ta bi bakin ruwa ta ƙasa, ni na yi wajen gada.

Yadda na ƙetare gadar nan ban sani ba. Ruwa na dukan cinyata, ina riƙe da rigar wani ɗan dako, ina karanta duk abin da na iya har da wanda ban iya ba. Na hau Mamobi na isa makarantar, ƙofa a datse, fili babu kowa. Na ce shi ke nan, an tashe su. Na kama ƙofar ina jijjigawa ina kuka.

Sai ga Madam ta fito da lema da bulalarta. Ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta jin Hausa sosai, ta ce, “Yaro na Nima? Shiga.”

Ta kai ni wani aji. Duk yaran tsallaken gota tana tsare da su a ciki, an ɗora su kan tebura saboda yoyo, ta sa kujerarta a bakin ƙofa. Umaru yana barci abinsa. Rabi na ganina ta fashe da kuka, ta ce, “Inna, wallahi na ce mata za ki dake ni, na so in fita ta tsula mini bulala.” Na duba ƙafarta, ga shatar bulala kwance. Na durƙusa gaban matar nan na kama ƙafafunta. Ta janye tana faɗa, wai in tashi ina jiƙa mata siket.

Sai da ruwa ya tsagaita muka zagayo ta gada, gab da magariba. A bakin gidanmu muka tarar da Maame Fati, ba ɗankwali, laka har gwiwa. Makarantarsu Isifu da suka ga hadari sai suka sallami yara da wuri, wai su kai gida kafin ruwa. Ta dubi hannuna na dama, ta dubi na hagu, kowanne da yaro.

Ta ce, “Amariya, kai bai gan Isifu a hanya ba?”

Na tura yarana bayana, kamar na sato su.

Washegari aka same shi can ƙasa, nesa da unguwa. Ni na zauna da ita kwanakin zaman makoki, kuma ko sau ɗaya ba ta yi mini kallon banza ba. Ita ce ma take zuba wa Rabi waace.

Ba mu ƙara kwana a ɗakin ba, muka bar wa Baba Seidu sauran adabansinsa. Na sayar da kwanonin aurena da suka tsira, muka kama wani ɗan akurki a Mamobi, bayan makarantar, wanda in kakanku ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. A nan muka zauna har Rabi da Umaru suka gama. Duk abin da albasa da ƙosai suka kawo, haya da littafi suka cinye.

Da ƙarfin kakanku ya ƙare muka dawo Illela, kayanmu duka a buhu biyu. Mata suka cika gida ganin tsarabar Gana, sun zaci atamfa zan zazzage. Wata ƙanwar babana ta leƙa buhunan ta taɓe baki, ta ce, “Dije, duk shekarun nan me kika samo?”

Na ce mata, “Gwaggo, na tafi da yara biyu, na dawo da yara biyu.”

Suka yi ta dariya, wai ashe ban ci riba ba. Na bar su suka yi abarsu.