Ƙwaron da Kuke Kira Uwar Darɓa

Na ji, Malam Rilwanu mai gabatarwa, zan taƙaita. Na ga kwalayen maganin feshi da aka jera a bayana, na kuma san ba don ni aka cika wannan ɗaki ba.

Shugaban taro, Alhaji Murtala. Masu girma hakimai da dagatai. Malamanmu na addini da malaman gona. Shugabannin ƙungiyar manoman wake ta Kaura Namoda. Baƙinmu na Shinkafi da Zurmi, waɗanda da yawansu ba taro ne ya kawo su garin nan ba. Iyayena mata da aka ajiye can baya: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya da aka gayyace ni, ina godiya da aka gabatar da ni a matsayin 'yar gari wadda ta gano sabon ƙwaro. Na ji an yi tafi, na ji an yi dariya, kuma duka biyun na karɓa.

Abu na farko, kamanninsa. Bai kai ƙwayar dawa biyu ba. Bayansa a dunƙule yake kamar ƙoƙo a kife, ruwan goro, mai sheƙi, babu gashi ko ɗaya. Kowane fiffike yana da ɗigo baƙi biyar, biyu na tsakiya a haɗe suke kamar an ja su da tawada ba a ɗaga alƙalami ba. A gefen wuyansa akwai fari, dama da hagu. Idan aka kwantar da shi rigingine a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, akwai wani layi a bayan ƙafafunsa na baya wanda ya lanƙwasa bai ƙarasa ba. Na duba 'yan uwansa da ke ajiye a jami'armu, na aika hotuna wurin waɗanda suka fi ni sani, ba a sami mai wannan haɗi ba. Kada ku haɗa shi da mai cin ganyen kabewa: wancan dusu-dusu yake, gashi ya rufe shi. Mai sheƙi naku ne, mai gashi ba naku ba ne.

Abu na biyu, abincinsa. Darɓa yake ci. Shi da 'ya'yansa, waɗannan baƙaƙen masu ƙaya-ƙaya da kuke murjewa da yatsa, ba su da wani aiki tun safe sai cinye abin da ke cinye muku wake. Amma da yake duk inda darɓa ta sauka nan ake ganin shi ko danginsa, sai kuka sa masa suna uwar darɓa, kuka ce shi ke haifar ta. An gan shi a wurin ɓarna, shi ke nan hukunci ya tabbata. Ba a kan ƙwaro kaɗai muke yanke irin wannan hukunci a ƙasar nan ba, amma yau maganar ƙwaro aka ba ni.

Abu na uku shi ne ya tsayar da ni gabanku. Guda biyu gare ni a kwalba, kuma duka mata ne. Ƙa'idar masana wannan dangi ita ce, ba a tabbatar da sabon iri, ba a raɗa masa suna, sai an duba namiji. Iyayena na can baya ba za su yi mamakin wannan ba. In ban sami namiji ba, abin da ke kwalbar nan zato ne kawai, zai bushe a kan kantar ajiya babu suna.

Wannan irin kam, wuri ɗaya tak na taɓa ganinsa: gonar aro ta gwaggona Ladidi, a bakin garin Ɗan Isa. Gwaggo ta baro gonakin mijinta a Gurbin Bore da abin da ke jikinta, wani bawan Allah ya yanka mata 'yan kunyoyi ta zuba wake. Na je na durƙusa na roƙe ta ta bar mini kunya biyu ba feshi, har in dace da namiji. Ta dube ni ta ce, "Sa'adiya, boko ya kai ki nan? Ni da nib baro gona tai daji, kunya biyu za ki karɓe ki ba ƙwaro? To shi za ya ciyar da marayun ga?" Na ce mata ai shi ke cinye darɓar. Ta ce, "To ya yi sauri, don ni ban ga ta ragu ba."

Ta fi ni gaskiya a kan yunwa.

Da safen nan na koma. An riga an yi feshi. Gwaggo ba ta jira rabonku ba, maƙwabci ya ara mata famfo. A jikin kwalbar maganin an rubuta murfi ɗaya, an zuba uku don ya ji, an ƙara da wani iri don ya ƙara ji, kamar yadda kowa a ɗakin nan yake yi. Na bi kunyoyin ina ɗaga ganye, na tsinci matattu, rana ta gasa su, tururuwa ta kwashe cikinsu. Wataƙila akwai namiji a ciki. Abin da zan duba a jikinsa ne babu.

Don haka ba zan ce kada ku karɓi magani ba. Ku karɓa. Gonakin da suka rage muku su ne na gindin gari, kowa ya matsu a kansu, kowa zai fesa, kuma ban ga laifin kowa ba. Na yi tunani, na ga cewa in akwai sauran wannan ƙwaro a duniya, to yana can gonakin da kuka gudu kuka bari, inda wake ke tsirowa da kansa, inda ba mai shiga da famfo. Inda yake da aminci yau, nan ne ku ba ku da shi. Ni ba zan je ba, kuma ba zan aiki ɗan kowa ba.

Allah Ya mayar da kowa gonarsa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi noma ba su dawo ba, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu. Allah Ya sa waken bana ya kai ku rani.

Shugaba, a yi mini afuwa, ba zan tsaya rabo ba. Ina so in wuce hanyar Gusau da sauran rana, kun san dalili. Na kusa da ƙofa ya ja ta in na fita.

Na gode.