Hular Jariri

A tashar motar garin Usulután, Marleni na rungume da jaririnta, ƙanwarta Idalia na duƙe ta dafe mara. Wata tsohuwa mai sayar da wainar masara da ake kira pupusa ta ƙura musu ido.

"'Yar nan, asibiti za ku?"

"Eh, Inna. Ɓari ta yi, jinin ya ƙi tsayawa."

"Kun ɗauko kayan jaririn?"

"Wane jariri kuma? Na ce miki cikin ya zube."

"Ai shi ya sa na tambaya. Kafin a gama duba ta sai ki ga 'yan sanda. Ki nuna musu riga ko hula, su ga tana son cikin. Jikata haka ta je ba komai a hannunta. Shekara talatin aka yanke mata."

"Don ta yi ɓari?"

"Suka ce kisan kai ne."

Marleni ta rage murya. "Wannan fa ba ta ma san tana da ciki ba."

"To kar wani ya sake jin wannan a bakinki."

Motar ta iso. Marleni ta zare hular da ke kan ɗanta, ta cusa a jakar Idalia.

"In sun tambaya, ke kika saƙa ta."