Wayar karatun Hauwa ta faɗa rijiya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Kurmin Kogi.

'Yata Hauwa ba ta iya taka ƙafa, makaranta kuma da nisa. Ƙanena ne ya zuba mata darussan karatu masu waƙa a wayata. Da kanta ta koyi haɗa baƙi, har kakarta kan zauna suna rerawa suna dariya.

Ina ɗiban ruwa wayar ta suɓuce cikin rijiya. Mai gyara ya ce ta mutu, ƙanena kuma ya tafi cirani.

Jiya ta ce, "Inna, na fara mantawa." Ni ban yi boko ba, wannan wasiƙar ma rubuta mini aka yi. Jama'a, don Allah me zan yi mata?