Roƙon Iyayen Yara Kada a Ɗauke Madam Hajara

Assalamu alaikum. Mai girma Kaftin, superefen Filinge mai riƙe da mulkin wannan yanki, mai martaba sarkin Kurfai, direktan wannan koleji, malamai, iyaye maza da mata, da ku yara da anka zaunar a rana, ina gaishe ku gaisuwar girma. Sunana Magagi, shugaban ƙungiyar iyayen yara. Mun gode da kunka taru, mun gode da anka ba mu baki.

Magana guda ta kawo ni. An kai ƙarar Madam Hajara, mai koyar da Ingilishi, ana so a ɗauke ta daga garin nan, hukunci kuwa yana hannun Kaftin.

Na farko, laifinta. Ta ce kowane yaro ya saurari abin da anka faɗa a gida, ya zo aji ya maimaita da Ingilishi, ya kuma zaɓi kalmar da ta dace: cewa anka yi, ko alkawari, ko musu, ko ƙorafi. Shi ke nan, gari ya yi tsit, kowa na tsoron maganarsa ta kai kunnen gwamnati. Dodo mahauci, wanda tun muna yara ba a taɓa ganin bakinsa rufe ba, yanzu da hannu yake kiran ɗansa cin tuwo. A majalisarmu kuwa, ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, na giftawa sai kowa ya koma zancen damina.

Na biyu, binciken da munka yi. Ranka ya daɗe, mun tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, kuma ina farin cikin sanar da kai babu mai zancen gwamnati a Filinge. Ƙorafin duka a kan surukai ne da jakin maƙwabci. Ni kaina ɗiyata Haske ta kai ni aji. Da rani ta ce na yi alkawarin gyara rumbu, da bazara ta ce na jaddada, da ruwa ya sauka ta ce na musanta. Madam ta ba ta maki mai kyau.

Na uku, roƙonmu. Jama'a, mun san abin da “an ce” ta yi a garin nan. An ce wane ya ce, sai a wayi gari hukuma ta tafi da shi, ɗakinsa a rufe, ba a san mai cewar ba. Wallahi abin na ci mini rai. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, amma mu nan har wadda ba ka zara ba ana ɗora maka. Yau ga yaranmu, in ka kawo musu labari daga kasuwar Baleyara, sai su tambaye ka, “Wa ya faɗa? Gani ya yi, ko zato?” Wadda ta koya musu haka ake so a kora, ƙarar da anka kai kanta kuwa da “an ce” ta fara.

Ranka ya daɗe, bayana kai za ka yi magana. Yara na saurare, gobe kuma Madam za ta tambaye su abin da Kaftin ya faɗa. Muna fata kalmar alkawari za su zaɓa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare bakunanmu, ya maida kowa gidansa lafiya. Na gode.