Sakamako Ɗaya Tak

A tashar Kankia muna jiran motar Kusada ta cika, ina zaune a kujerar baya. A gabana akwai wata dattijuwa riƙe da waya, kusa da ita wani mutum mai farar shadda.

"Inna, mi kike nema haka?" in ji mutumin.

"Ɗana Sharafaddeen. Sati ukku ke nan da ya tafi gona bai dawo ba. Jikata ta rubuta mani sunanshi a nan, sai ga Sharafaddeen birjik, har da na ƙasar Masar."

"Ai duniya duka kika tambaya. Kawo. Akwai shafin wata ƙungiya da ke sa sunayen waɗanda suka ɓace. In aka rubuta kalmar Turanci site da ɗigo biyu, aka manna adireshin shafin, sannan sunan, can kaɗai za a duba."

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan."

"Ga shi. Sakamako ɗaya tak."

"Shi ne! Amma wa ya kai masu wannan hoton? Mu ba mu da shi. Da rigar nan ya fita ranar."

"Kwantar da hankalinki, Inna. Yana cin abinci, ƙafar ma ta fara warkewa."

"Wace ƙafa? Lafiya lau ya fita."

"A nan na gani."

Ta juyo ta miƙo mini wayar. "'Yan mata, ban iya boko ba. Karanta mani wurin ƙafar."

Suna ne kawai da hoto, babu wata maganar ƙafa. Da na ɗago kai, babu kowa a kujerarsa.