Gahawar da Na Ƙi Sha

Shugabar wannan taro, Dakta Sausan. Likitoci da ma'aikatan jinya. Iyayenmu da suka taso daga ƙauyukan Irbid. 'Yan'uwana masu jinya da masu jinyar masu jinya: assalamu alaikum.

Na gode da kuka ba ni dama, ni Rawan, wadda ba ta san komai ba sai littattafan soyayya.

Na farko, maganin. Da aka yanke wa mijina Ƙusai ƙarin dajin fata a kafaɗa, Dakta ta ce yana iya dawowa. Ta ce akwai allurar da ake gwaji, mRNA: a karanta alamomin ƙarin da aka cire, a rubuta wa jiki saƙo, sojojin jini su gane maƙiyin duk inda ya ɓuya. Tasa ce shi kaɗai, ba ta yi wa kowa. Dakta ba ta yi mana alkawari ba. Ni dai na ji saƙo zuwa ga mutum ɗaya tak a duniya, na ce wannan labarin na san shi, wasiƙar soyayya ce.

Na biyu, taurin kai. Ƙusai ya ce shi ba zomon gwaji ba ne. Na yi kuka, na yi fushi, a banza.

Sai ran nan na sa mayafi, na fita, na ƙwanƙwasa ƙofar gidana. Ya buɗe.

Ya ce, "Rawan, lafiya? Littattafan nan sun gama da ke."

Na ce, "Yau baƙuwa ce ni. Zuba min gahawa."

Ya zuba yana dariya. Na ajiye ta a ƙasa ban kurɓa ba, kamar yadda iyayenmu maza ke yi in sun zo da buƙata: ba su sha sai an biya ta. Tawa kuwa ya san ta, allurar ce. Dariyar ta ɗauke.

Mahaifiyarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "Kai Ƙusai, a gidan ubanka gahawar baƙo za ta huce? Ka rufa mana asiri!"

Ya kalli ƙoƙon gahawar. Sannan ya ce, "Sha gahawarki. Abin da kika zo nema kin samu."

Jama'a, ya yi zazzaɓi, ya yi mita, amma bai tsallake allura ko ɗaya ba. Hoton asibiti na makon jiya bai nuna komai ba. Ga shi can a baya, yana ɓoye fuska.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu bincike basira, ya mai da kowa gida lafiya. Gahawar nan kuwa ta huce kafin in sha, amma ban taɓa shan mai daɗinta ba.

Na gode.