Gonar Kashim da Layin Zaɓe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu malamai da dattawan Gafasa, iyayenmu mata da ke zaune a inuwar can, matasan Ƙungiyar Manoma Masu Son Ci Gaba, da baƙinmu da suka taso daga Gaya da Balan, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina godiya da aka ba ni dama kafin mu tashi mu zaɓi sabon shugaba, ko da yake na ga wasu sun fara gyara zama tun ban ce komai ba.

Jama'a, raina ba a kwance yake ba. Kowa a nan ɗan ci gaba ne a baki, kowa mai son talaka ne a lasifika. To, da me za mu gane na gaskiya?

Na farko, ba a gane shi da hula, domin hula a kasuwar Gaya ake sayenta. Na biyu, ba a gane shi da Turanci, ko da zafin rubutu a waya. Na uku, wanda shi ne ya hana ni sukuni, a wurin layi ake gane shi. Mu nan ƙato bayan ƙato muke zaɓe, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Ɗan ci gaba shi ne wanda zai waiwaya ya ga mai cin arzikinsa a layin abokin takararsa, ya haɗiye, gobe kuma su gaisa.

Kun san Kashim, maƙwabcina a gona. Kakanninsa daga Barno suka zo, a nan aka binne su. Shekara da shekaru yana noma gonar aro ta gidan su Alhaji Muzammil, shugabanmu mai neman komawa kujera, wanda ya fi kowa iya zancen 'yancin talaka. A zaɓen bara Kashim ya tsaya a layin Bala, abokin takarar Alhaji Muzammil. Bai zagi kowa ba, tsayuwa kawai ya yi. Da aka gama girbi sai aka aika masa cewa ana bukatar gonar. Ya je ya ba da haƙuri, amsar da ya samu ita ce: "Wanda ka tsaya a bayansa ya ba ka."

Ga damina ta ƙarato, kowa ya kai taki, Kashim kuwa da iyalinsa ba su da inda za su zuba iri. Ɗazu na tambaye shi layin da zai bi yau, ya ce mini shi kallo ya zo. Wannan ya ƙona mini rai. Mutum nawa ne a nan za su tsaya inda ba zuciyarsu take ba, saboda gonar aro?

Alhaji Muzammil, gonarku ce, ba mai ƙwace muku. Amma ga ka, ga Kashim, ga jama'a. Bara a bayanka na tsaya. Yau ba zan shiga layin kowa ba sai na ji daga bakinka inda Kashim zai yi shuka. In ka yi shiru, mun gane ka, ni kuma zan je in zauna kusa da shi mu yi kallon tare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu shugabanni masu jure a ƙi su, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.